Kurman Jirgi a Samaniyar Arewa: Abin da Ya Kamata Mu Sani

A watan Yunin 2024, 'yan bindiga suka afka wa sojojin Nijar da ke gadin bututun mai kusa da ƙauyen Salkam, cikin gundumar Tibiri, suka kashe shida. Bututun nan ya taso daga Agadem, ya ratsa jihar Dosso har gaɓar teku a Benin, tsawonsa kusan kilomita 2,000, kuma babu rundunar da za ta iya jera masa askarawa kafaɗa da kafaɗa. Ga iyakar Najeriya a gefenmu, inda 'yan bindigar Lakurawa ke kai-komo a dazuzzukan Sakkwato da Kabi. Wurin da ƙafar soja ba ta kai ba, daga sama ake leƙa shi. Shi ya sa zancen kurman jirgi, wato jirgi maras matuƙi, ya daina zama labarin rediyo ga mutumin Dogon Kiriya ko Kore Mairuwa.

Iri biyu ne. Akwai babba na soja, kamar Bayraktar TB2 ƙirar Turkiyya da Nijar ta samu a 2022. Faɗin fukafukansa mita 12, yana iya wuni da kwana a sama bai sauka ba, kuma yana tashi sama da kilomita biyar, inda ido ba ya kama shi. Akwai kuma ƙarami mai farfela huɗu, irin na masu ɗaukar hoton biki. Shi ne masu tada ƙayar baya a Mali da Burkina Faso suka mai da makami: su ɗaura masa gurneti, su sake shi a kan sansanin soja.

Da me ake gano su? Da farko akwai rada (ba raɗar kunne ba, na'ura ce). Duk yaron da ya taɓa yin kuwwa a gindin duwatsun Dogon Dutsi ya ji muryarsa ta dawo masa ya riga ya san asalin aikinta. Rada na cilla igiyar rediyo cikin iska. Idan ta ci karo da wani abu sai ta dawo, na'urar ta lissafa lokacin da ta ɗauka. Igiyar na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka jirgin da ke nisan kilomita 150 amsarsa na dawowa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Daga nan ake sanin nisansa da gudunsa da inda ya dosa. A farkon Afrilun 2025 Aljeriya ta kakkaɓo kurman jirgin sojan Mali kusa da Tinzawatan, ta ce radarta ta nuna ya keta mata iyaka. Mali ta musanta, rigimar ta kai har ƙasashen ƙawancen AES, wato Mali, Burkina Faso da Nijar, suka janye jakadunsu daga Aljeriya.

Ƙaramin jirgin ne ke ba rada wahala. Jikinsa roba ne, ba ya mayar da igiya da ƙarfi. Yana tafiya ƙasa-ƙasa, a hankali, sai ya saje da itatuwa da rufin kwano, ko ya yi kama da shirwa a allon na'ura. Ƙasa irin tamu mai tuddai da kwarin Dallol Mawuri ta ƙara masa mafaka, domin rada ba ta ganin bayan dutse. Saboda haka ake haɗa ta da wasu na'urori: mai sauraren igiyar da ke tsakanin jirgin da mai sarrafa shi, kyamarar da ke ganin zafin jiki cikin dare, da wadda ke cika iska da hayaniyar rediyo har jirgin ya daina jin umarnin mai shi, ya sauka ko ya faɗi. Wannan ta ƙarshen ma an samo mata makari. A yaƙin Yukren ana harba jirage masu jan siririn zaren gilashi a bayansu, umarni na bi ta cikin zaren, babu igiyar da za a toshe.

To ga inda zancen ya shafe mu. Sojan da ke riƙe da waɗannan na'urori ba shi da hanyar bambanta jirgin mai hoton amarya da mai ɗauke da gurneti, kuma daƙiƙu kaɗan gare shi ya yanke shawara. Mai ɗaukar hoto da ya tada jirginsa kusa da bariki, shingen jandarmomi ko hanyar bututun mai ya jefa kansa da 'yan biki cikin haɗari. Ko a tsakiyar gari ne, a fara neman izinin hukuma.

Babban jirgin ma haka yake: yana ganin mutane, bai san su ba. Daga kilomita biyar, ayarin babura masu rakiyar amarya da na 'yan bindiga kamanninsu ɗaya. Ranar 3 ga Disamban 2023, kurman jirgin sojan Najeriya ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu. Ranar 25 ga Disamban 2024, a ƙaramar hukumar Silame ta Sakkwato, maƙwabtanmu na kusa, aƙalla fararen hula goma suka mutu a harin sama da aka kai kan Lakurawa. A ganina nauyin tantancewa yana wuyan mai harbi, ba na manomi ba, kuma ba na son a juya wannan magana. Amma kafin a kai ga shari'a, ran da ya fita ya fita. Idan za a yi wa'azi da dare, bikin aure ko wasan kokowa a ƙauyen da ke kusa da iyaka, mai gari ya sanar da jandarmomi ko magajin gari wuri da lokaci tun da sauran kwanaki. Idan an kafa dokar hana yawon babura, a kiyaye ta ko da ta yi ciwo.

Sai abin da ya fi damuna, wato tarkace. A ƙarshen Disamban 2025, da Amurka ta kai hari a jihar Sakkwato, ɓaraguzan makamai sun faɗo a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal. Mu kuwa mun san halinmu da ƙarfe: yaro ya tsinta, ya kai wa ɗan gwangwan ko maƙeri, a sa guduma. Jirgin da aka kakkaɓo yana iya faɗowa da bam ɗinsa bai tashi ba, batirinsa ma kan kama da wuta idan aka fasa shi. Wanda ya ga irin wannan a gona kada ya taɓa, kada ya jefe shi, kada ya matsa don ɗaukar hoto da salula. Ya ja da baya ta inda ya zo, ya kore dabbobi, ya sa alama daga nesa, sannan ya kai wa mai gari labari. Iyaye mata su gaya wa yara masu kiwo da masu zuwa itace wannan tun yau, domin su ne ke fara cin karo da abin da ya faɗo a daji.