Motsa Jikin Da Babu Gudu, Babu Tsalle

Idan aka ce wa macen ƙauye ta riƙa motsa jiki, amsar da za ta bayar sananniya ce. Za ta ce, "Malam, ni da na tashi tun asuba na yi shara, na ɗebo ruwa, na yi surfe, na yi daka, na bi maigida gona da goyo a baya, wane motsi ne kuma ya rage?" Gaskiyarta kuwa. Jarka mai lita 25 idan ta cika da ruwa, nauyinta kilo 25 ne, kuma akwai matan da suke ɗauko irinta sau uku ko huɗu kafin rana ta take. Ba ƙarfi ne ya yi wa matanmu kaɗan ba.

Amma ku dubi yadda aikin yake tafiya. Tsintsiya gajera ce, sai an sunkuya. Fartanya gajera ce, sai an sunkuya. Murhu yana ƙasa, wanki yana ƙasa, roron gyaɗa yana ƙasa. Yini guda jiki yana lanƙwashe ta fuska ɗaya, kamar itacen da iska take bugu daga gabas shekara da shekaru. Waɗansu tsokoki suna aiki har su ƙage, waɗansu kuwa ba a taɓa kiransu aiki ba. Daga nan ciwon baya da na ƙugu yakan fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma ya fi yawa ga mata. To, motsa jikin da za mu yi magana a kansa ba ƙarin aiki ba ne. Hanya ce ta komar da jiki daidai bayan aiki ya karkatar da shi.

Akwai irinsa da dama a duniya. Mutanen Indiya suna da yoga. Mutanen Sin suna da taici, wanda ake yi a tsaye, a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa, har a 1956 gwamnatinsu ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin talaka ya iya koyo. Amma wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne wanda ake kira da sunan mutumin da ya tsara shi, watau Pilates.

An haifi Joseph Pilates a Jamus a 1883. Yana Ingila yana dambe da wasannin nuna ƙarfi sa'ad da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, sai hukuma ta tattara Jamusawan da ke ƙasar ta tsare su. Shi aka kai shi wani sansani mai suna Knockaloe a tsibirin Man, inda aka killace maza fiye da 20,000 a bayan waya. Zaman banza da tunani suna cin mutane. Daga baya ya gaya wa wani ɗan jarida cewa a can ne ya riƙa lura da kyanwoyin sansanin, ga su ramammu don yunwa, amma jikinsu da laushi da kuzari, ya kuwa ga ba su daina miƙa. Ya shiga koya wa 'yan'uwansa fursunoni motsin da mutum zai yi a kwance ko a zaune a ɗan ƙaramin wuri. Wajen 1926 ya ƙaura zuwa New York a Amurka, shi da matarsa Clara suka buɗe ɗakin koyarwa. Masu sana'ar rawa da yawa sun riƙa zuwa wurinsu, domin gwiwa da baya sun ci amanarsu, suna neman abin da zai ƙarfafa su ba tare da ya ƙara musu rauni ba. A 1945 ya buga littafi mai motsi 34 waɗanda ake yi a kan shimfiɗa kawai. Ya rasu a 1967. A shekarar 2000 wata kotu a New York ta yanke cewa sunan nan ba mallakar kowa ba ne, kowa yana iya koyarwa da shi.

Yau a Legas da Abuja akwai wuraren da ake biyan kuɗi mai yawa a hau wani gado mai sifirin a yi wannan motsi. Kada wannan ya ruɗe ku. Abin da aka fara a gidan tsaro ba ya bukatar kome sai tabarma.

Domin a gane yadda yake aiki, ku ɗauki gangar jikin mutum kamar rumbu. Bangon rumbun shi ne tsokokin ciki da na baya. Jinkarsa ita ce faffaɗar tsokar da ke ƙarƙashin huhu, wadda take sauka tana hawa duk lokacin da muka yi numfashi. Gindinsa kuwa tsokoki ne da ke can ƙasan mara, waɗanda suke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Kowane manomi ya san rumbun da gindinsa ya yi sanyi ba ya jimre kaya, kome kyan jinkarsa. Ciki da haihuwa sukan saki bangon gaba da gindin nan, balle an yi su bi da bi. Mace ta tashi daga jego ta koma ɗaukar tulu, nauyin duka sai ya faɗa wa ƙashin baya shi kaɗai.

Ga yadda za ki fara, uwargida. Ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki ɗora hannuwa a kan haƙarƙari. Ki shaƙi iska ta hanci a hankali har ki ji haƙarƙarin ya buɗe, sa'an nan ki sake ta ta baki, a hankali ƙwarai, kina ɗan jan cibiya ciki kamar za ki ƙara ɗaure zane. Ki yi haka sau 8. Wata za ta ce ai wannan kwanciya ce kawai. Ba haka ba ne, wannan shi ne tushen sauran duka, gama tsokar cikin da take kama aiki a lokacin nan ita ce ɗamarar da ke riƙe ƙugu.

In kin saba da wannan, sai ki ƙara. Kina sakin numfashi ki danna ƙugu ya taɓa tabarma, ki ɗaga ɗuwawu, baya yana barin ƙasa gaɓa gaɓa, har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa. Ki sauko kuma gaɓa gaɓa, kada ki faɗo tim. Bayan wannan ki juya ki durƙusa a kan hannu da gwiwa kamar mai rarrafe, ki tura baya sama ya yi doro, kai a ƙasa, sa'an nan ki gantsare a hankali ki ɗaga kai. Wannan ita ce miƙar kyanwa, kuma mai yini a sunkuye za ta ji daɗinta tun daren farko. A ƙarshe ki tashi ki dafa bango, ki tsaya da ƙafa ɗaya kina ƙirga goma, ki canja. Tsofaffi ne suka fi bukatar wannan na ƙarshe, domin faɗuwa guda a bakin rijiya ko a bayan gida takan kwantar da tsohuwa har abada, an kuwa tabbatar cewa koyon tsayuwa irin na taici yana rage faɗuwa ga tsofaffi. Duka duka minti 10 zuwa 15 ne. Ba a riƙe numfashi, ba a yin gaggawa. Motsi biyar da aka yi da lura sun fi talatin da aka yi ana tunanin miya.

Akwai kuma maganar da mata ba su cika faɗa ba don kunya. Da yawa bayan haihuwa, in sun yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko sun ɗaga kaya, sai fitsari ya ɗan zubo. Sukan ɗauka haka rabon mai 'ya'ya yake. A 1948 wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya nuna cewa tsokokin ƙasan mara ana iya ƙarfafa su kamar na dantse. Yadda ake yi shi ne ki matse can ƙasa kamar mai riƙe fitsari da iska a cikin taron jama'a, ki ja sama, ki ƙirga biyar, ki saki sarai, ki huta. Kada ki matse cinya ko ɗuwawu, kada kuma ki mai da shi abin yi lokacin da kike fitsari. Likitocin Ingila suna ba da shawarar a yi aƙalla matsi 8, sau 3 a rana, har wata 3. Ana iya yi ana tsintar wake ko ana ba jariri mama, ba wanda zai sani. Mata da yawa sukan warke da wannan kaɗai.

Sai dai a rarrabe. Macen da ta sha doguwar naƙuda, bayan haka fitsari yake zuba dare da rana ba tsayawa, nata yoyon fitsari ne, watau mafitsara ce ta huje. Ba motsin da zai toshe wannan, sai aikin likita. A kai ta asibitin Jankwano a Jos, ko na Babbar Ruga a Katsina, inda suka daɗe suna wannan gyara.

Me ya sa ake cewa motsin nan na jiki ne da na hankali? Ku lura da mutumin da ya firgita ko yake cikin damuwa. Numfashinsa gajere ne, zuciya tana bugawa da sauri, kafaɗu sun haɗe da wuya. Idan aka ja sakin numfashi ya yi tsawo, bugun zuciya yakan lafa, tsokoki su saki. Ban da haka, mai ƙirga numfashinta tana bin gaɓoɓin bayanta ɗaya ɗaya ba ta da sararin lissafin kuɗin makaranta da na taki a lokacin nan. A ganina wannan ne babban abin da yake jawo mata gare shi. Ga shi kuma ba sai an fita waje ba. Matar aure ta kama gudu a hanyar kasuwa, kafin ta kai bakin rafi mutum goma sun tambaye ta ko lafiya. Wannan kuwa a ɗaka ake yinsa, da zanen da ke jiki, ba gasa da kowa, kuma mai ƙiba da mai ciwon gwiwa da wadda ba ta taɓa wasan makaranta ba duk suna iya farawa yau, tun da ba a dira a kan gaɓoɓi.

Waɗansu 'yan'uwa sukan tambaya ko akwai wata bauta a ciki. Yoga kam tushenta yana cikin addinan Indiya, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba yana iya barinta. Abin da muka bayyana a nan ba shi da kirari, ba kiran sunan kowa, ba rusuna wa wani abu. Miƙa ce da numfashi.

Kada dai a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan Pilates da ciwon ƙugu a 2015, sun ga ya fi zama haka nan ba a yin kome, amma ba su ga shaidar cewa ya fi sauran irin motsa jiki ba. Ba ya kuma maye gurbin tafiya a ƙasa ga mai yini a zaune a kan keken ɗinki ko a shago. Mai ciki da ta wuce wata huɗu kada ta daɗe a kwance rigingine, ta yi na durƙuso da na zaune. Wadda aka yi wa aiki aka ciro jariri ta jira sai ma'aikatan asibiti sun ba ta izini. Mai jego da take haki, ƙafafu sun kumbura, asibiti za ta, ba tabarma ba. Haka nan ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, ko ƙafa ta mutu, ko ƙashin baya ya fara tsiro doro, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya ma. In motsi ya kawo zafi mai suka, a dakata.

Ya fi sauƙi a koya a ƙungiya, mace biyar ko shida, ɗaya tana ƙirgawa, suna duban juna ko ƙugu ya karkace. Bayan taron mata na mako, a rufe ƙofa, kowa ta shimfiɗa tabarmarta. Lokacin rani ya fi kyau a fara, bayan an gama kai amfanin gona gida, domin kafin ruwan shuka ya sauka an sami wata ukun nan. Ku kuma magidanta akwai naku aikin. Ku sa wa tsintsiyar tsakar gida doguwar sanda, ku gina ɗan dakali inda za a ɗora bahon wanki ya kai ƙugu, in kuwa rijiya da nisa, a bar wa yara maza da keke ɗaukar jarka.