Darasin da targaɗen yaro ɗaya ya koya mini a filin Nima

Ranar wata Asabar ce cikin hunturu, ƙura ta turnuƙe sararin Nima, muna atisaye a filinmu na sakora da yaran ƙungiyarmu 'yan ƙasa da shekara 15. Na jera tsofaffin tiyub ɗin mota guda huɗu da na karɓo wajen mai faci, na hura musu iska rabi-rabi. Na ce kowane yaro ya hau, ya rungumi galan cike da yashi, ya tsuguna ya tashi sau 10.

A waya na ga wannan atisayen. Wani ƙato ne a ɗakin motsa jiki na Turai, tsaye a kan rabin ƙwallon roba da ake kira BOSU, da ƙarfe a kafaɗa. Na ce a raina, ai wannan shi ne sirrin manya, mu ma ba za a bar mu a baya ba.

Yaro na uku da ya hau shi ne ɗan gabanmu, shekararsa 13. A tsuguno na shida tiyub ya zame, ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe, nauyin galan ya bi ta kanta. Kafin mu kai shi bakin fili idon sawun ya kumbura suntum. A bayana na goya shi har gida.

Mahaifiyarsa, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi ƙafar, ta dube ni, ta ce: "Koci, ƙwallo na ba ka shi ya koya, ko wasan biri?" Ban sami amsa ba. Kuɗin hoton ƙashi kuwa daga cinikin koko ya fito, sai ɗan abin da na ƙara.

Ƙarfi kake so ko tsayuwa?

Alhamdu lillahi ba karaya ba ce, targaɗe ne. Aka tura mu sashen gashi da motsa gaɓɓai na wani asibiti a nan Ankara. Da na ba ma'aikaciyar wurin labarin abin da ya faru, sai ta tambaye ni: "Malam, me kake so yaron ya samu a kan tiyub ɗin, ƙarfi ko iya tsayuwa?" Na ce duka biyun. Ta yi dariya ta ce, "To, ba a haɗa gudu da susar katara."

Abin mamaki, bayan kumburin ya sauka, ita da kanta ta ɗora yaron a kan wani faifan katako mai lilo, ta ce ya tsaya da ƙafa ɗaya. Babu galan, babu ƙarfe, ga bango kusa da hannunsa. A nan na gane cewa laifin ba na abin hawan ba ne, nawa ne. Daga ranar na shiga neman sani.

A cikin jijiyoyi da tsokoki da gaɓɓai akwai wasu 'yan ƙananan masu kai rahoto ga ƙwaƙwalwa, suna gaya mata inda ƙafa take ko da ido a rufe yake. Idan ka taka dutse ƙafa ta fara karkacewa, su ne ke sa tsokokin gefen ƙwauri su ja ta su dawo da ita kafin ka ma ankara. Targaɗe yakan raunana wannan saƙon, shi ya sa wanda ya taɓa yi ya fi saurin sake yi. Tun a 1965 wani likitan ƙashi a Ingila mai suna Freeman da abokan aikinsa suka yi bayanin haka, suka kuma nuna amfanin faifan lilo wajen sake horar da idon sawu.

Bincike na baya ya ƙarfafa maganar. A 2004 an gwada faifan lilo a kan 'yan wasan ƙwallon raga sama da 1,000 a ƙasar Holan, targaɗe ya ragu, musamman ga waɗanda suka taɓa yi. A 2006 kuma an gwada irin wannan horo a kan ɗaliban sakandare 765 masu buga ƙwallon ƙafa da ta kwando a Amurka, targaɗen idon sawu ya ragu da kashi 38 cikin 100.

Inda faifan ya gaza

Amma ƙarfi wata magana ce daban. Tsoka ba ta girma sai an ɗora mata nauyin da zai gajiyar da ita. Mutumin da ke tangal-tangal kuwa ba zai iya tura dukkan ƙarfinsa ba, domin jikinsa ya shagala da neman kada ya faɗi. Farfesa David Behm na ƙasar Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin wannan fanni, ya tattara gwaje-gwaje da yawa, ya ga cewa ƙarfin da mutum ke fitarwa a kan abu mai motsi yakan ragu da kusan kashi 30 cikin 100.

A 2007 an raba 'yan ƙwallon wata jami'a a Amurka gida biyu na tsawon mako 10. Wasu suka yi wani ɓangare na atisayen ƙafa a kan robobi masu iska, wasu suka yi duka a kan tsayayyar ƙasa. Da aka auna, 'yan tsayayyar ƙasa sun fi samun ci gaba a gudu da tsalle.

Wato ni, da tiyub ɗina da galan ɗina, na yi asara biyu. Nauyin bai kai ya gina tsoka sosai ba, amma ya kai ya karya yaro idan ya zame.

Minti 20, ba ko sidi ɗaya

Abin da ya fi amfanar da mu shi ne tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, wanda cibiyar binciken lafiya ta FIFA ta fitar a 2006 tare da masana daga Norway da Amurka. Atisaye 15 ne, kashi uku, minti 20 kacal, aƙalla sau biyu a mako, don 'yan shekara 14 zuwa sama. Ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da alamomin jerawa a fili.

An gwada shi a Norway a kan 'yan mata kusan 1,900, sakamakon ya fito a 2008: raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, manyan raunuka kuwa kusan rabi. Kada wani ya ce ai filin Turai ne. An gwada shi a Legas, a gasar matasa maza, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Akwai kuma na ƙananan yara, 11+ Kids, wanda gwajin da aka yi a ƙasashen Turai huɗu ya nuna ya rage raunuka da kusan rabi.

Abin lura, tsayuwa da ƙafa ɗaya da ke cikin tsarin a ƙasa ake yin ta. Yaro ya tsaya riƙe da ƙwallo, in ya iya sai a riƙa jefa masa yana cafewa, in ya ƙware sai abokinsa ya riƙa ɗan ture shi.

Da wani dattijo a unguwarmu ya ga yara suna wannan ture-turen, sai ya ce da ni, "Ɗana, ai wannan langa ce ka sake wa suna." Kuma gaskiyarsa. A ƙasar Hausa yara sun daɗe suna kama ƙafa ɗaya da hannu suna tsalle suna bangazar juna. Yanzu langa ce ke rufe atisayenmu na ranar Alhamis, kuma babu abin da yaran suka fi jira kamarta.

Yadda muke yi yanzu

Na raba aikin gida biyu. Na farko shi ne tsayuwa, minti 5 zuwa 10 a farkon atisaye, tun jiki bai gaji ba. Yaro zai fara a ƙasa da ƙafa ɗaya, daƙiƙa 30 kowace ƙafa. In ya iya ba tare da ya dire ba, sai ya rufe ido. Bayan nan ne yake hawa guntun katifar soso, daga ƙarshe faifan lilo da wani kafinta ya haɗa mana. Ba a ɗaukar komai a hannu sai ƙwallo, kuma kullum da wani a gefensa.

Na biyu shi ne ƙarfi, kuma a tsayayyar ƙasa kaɗai: tsuguno, taku mai faɗi da durƙuso, dafa ƙasa da gwiwar hannu a miƙe jiki, tsalle da dira a hankali. Abin da nake sa ido a kai shi ne gwiwa. In yaro ya dira gwiwarsa ta karkata ciki, sai mu tsaya mu gyara, domin ta nan babbar jijiyar gwiwa ke tsinkewa, kuma wannan rauni ne da kan cinye wa ɗan wasa kusan shekara, ga kuɗin tiyata da ya fi ƙarfin yawancinmu.

Yashin bakin teku na Labadi ma muna zuwa, sau ɗaya a wata idan kuɗin mota ya samu. Yana gina numfashi, faɗuwa a kansa ba ta da zafi. Amma ba a koyon gudun tsere a yashi, domin ƙafa nutsewa take yi. Sannan kada mu manta, filin sakora da kansa, da ramukansa da tsakuwarsa, ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Yaranmu kullum a kan ƙasa marar tabbas suke wasa, shi ya sa idon sawunsu ya fi buƙatar shiri.

Kowane yaro a zangon nan yana mafarkin zama Mohammed Kudus, wanda ya taso a Nima, ya fara da Strong Tower, ya wuce makarantar Right to Dream, har ya kai Ajax da West Ham. Amma mai neman 'yan wasa ba ya ɗaukar yaron da ke zaune a benci da bandeji.

Ga 'yan'uwana masu horar da yara: duk abin da ka gani a waya, tambayi kanka don wa aka yi shi, kuma me yake gyarawa. Ga iyaye kuma: ku leƙa fili wani lokaci. Kuna da ikon tambayar koci ko yana ɗumama wa yara jiki kafin wasa. Idan yaro ya yi targaɗe har ya kasa taka ƙafar, a je a ɗauki hoto kafin kowa ya fara murza ta, kuma kada ya koma fili don kawai zafin ya tafi.

Ɗan gabanmu ya dawo bayan mako shida. Yanzu shi ke jagorantar tsayuwar ƙafa ɗaya, kuma ba wanda ke iya kayar da shi a langa. Kwanakin baya na tsaya sayen ƙosai wajen mahaifiyarsa. Tana ƙulla mini ta ce, "Koci, ina tiyub ɗinka?" Na ce, "Hajiya, na mayar wa mai faci kayansa." Ta ƙara mini guda biyu gyara.