Babi na Shida: Sola a Nguru da Gashua, Tsakanin Zafi da Ƙura

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, janareto ya fara yin shiru a arewacin Yobe. Mai cajin waya a kasuwar Gashua, da mai ruwan sanyi a Nguru, da manomin rani a fadamun Komadugu Yobe, duk wanda ya samu hali ya koma sola. Rugage da ƙauyukan wajen Machina da Yusufari, waɗanda turakun lantarki ba su taɓa zuwa ba, su dama sola ce wutarsu. Yadda ake haɗa faranti da batir da inbata kowa ya gani, ba sai na ɓata takarda ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan da ake ta maimaitawa: “Ai mu nan da zafin ranarmu, sola ta samu gida.” Har masu sayarwa suna faɗa! Jama'a, faranti ba ya cin zafi. Haske yake ci. Hasken ne ke faɗa wa ƙwayoyin silikon da ke cikinsa ya tunkuɗa lantarki ya bi waya, bayanin da ya jawo wa Albert Einstein kyautar Nobel ta 1921 ke nan a taƙaice. Zafi kuwa cikas ne. Ƙarfin da aka rubuta a bayan kowane faranti an auna shi ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ɗigo ɗaya da ya hau sama da haka, ƙarfin yakan ragu da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu, lokacin da iskar Nguru ke haura 40, jikin farantin yakan kai 65. Yi lissafi: faranti mai wat 300 ya koma kusan 250, alhali rana na tsakiyar ka.

Mai gardama ya dubi Suwizalan. A tsaunukan Alps, a bisan mita 2,500, an jera faranti kusan 5,000 a bangon madatsar ruwan Muttsee, kuma kusan rabin wutar da suke bayarwa a shekara a lokacin sanyi take samuwa. Sanyi na ƙara wa faranti kuzari, farar ƙanƙara kuma na maido masa da haske. Damuwar masu sola a irin waɗannan tsaunuka ita ce dusar ƙanƙara ta rufe gilashi. Tamu damuwar ƙura ce, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya.

Ƙurar hunturu tana da asali. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi na zamanin da yake da girman teku. Babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Farar ƙasa ce mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa da suka mutu shekaru dubbai, kuma iska na kwasarta har dajin Amazon a Kudancin Amurka. Mu muna kan hanya, don haka daga Nuwamba zuwa Maris rabonmu ba ya yankewa. Hazo ya rage haske a sama, ƙurar da ta sauka kuma ta kwanta a gilashi.

Akwai wani mai shagon caji da ya kwantar da farantansa biyu plat a kan kwanon rufi, wai don su sha zafi da kyau. Da hunturu ya kankama, kafin isha'i fitila ta mutu, wayoyin mutane na jere ba caji. Ya rantse jabun kaya aka sayar masa. Ya canja batir, abu ya ƙi. Ya fara neman kuɗin sabuwar inbata. Ran nan ƙaninsa ya hau rufin ɗauko ƙwallo, ya shafa yatsa a farantin, sai ga layi shuɗi ya fito a tsakiyar toka-toka. Ga kuma kashin tsuntsu ya bushe a kusurwa, abin da ba a rasawa a ƙasar da ke da tafkin Nguru da dausayin Dagona. Bokitin ruwa ɗaya da tsumma suka gyara abin da ya kashe wa dubban nairori.

Kada a raina kashin tsuntsun nan. Ƙwayoyin faranti, 60 ko 72, jere suke a layi, lantarki na bi ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗaya ta rufe, sai abin ya zama kamar yadda ciyawar kacalla ke toshe hanyar ruwan Marma: wuri guda ya cushe, na ƙasa duka su rasa.

Batir ma zafi ne ajalinsa. Mai ruwa yakan rasa kusan rabin kwanansa idan zafin ɗakin ya ƙaru da ɗigo 10, don haka a ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, a riƙa duba ruwansa.

Gyaran duka ba ya buƙatar injiniya. A ɗaga faranti daga kwano aƙalla taƙi guda, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashi. A fuskantar da shi kudu, a karkata shi kamar digiri 13, daidai da matsayin Nguru da Gashua a taswira, wanda kuma zai sa ruwan damina ya wanke shi ya gangara. A wanke shi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, don ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi na iya fasa shi. Kada a goge shi a bushe, yashi yana karce shi. Da hunturu, a maimaita duk mako.

Mai karatu, kafin ka zargi mai shago ko ka sayi ƙarin faranti, ɗauki tsani ka hau rufinka ka duba.