Akwatin hotuna: a zana kwano, kada a zana jiki



Duk matar da ta taɓa kai yaro awo a CSI ta san babban littafin nan da ma'aikaciyar lafiya ke ɗagawa tana juya shafi. Shi ne akwatin hotuna. Gaban shafi zane ne da jama'a ke kallo, bayansa kuma rubutu ne da mai bayani ke dubawa. Da yawa cikin iyayenmu mata ba su yi lakwal ba, amma ba wadda za ka nuna wa zangarniyar gero ta ce ba ta gane ba.

A cikin hotunan ana kasa abinci gida 3. Akwai masu ba da ƙarfi, wato gero, dawa, shinkafa, rogo da mai. Akwai masu gina jiki kamar wake, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, nama, har da fara. Sai masu kare jiki daga cuta: zogale, kuka, yakuwa, tafasa, kabewa, mangwaro. Kowane gida ya samu wakili a kwano, shi ke nan darasin.

Mun riga mun ga abin da ido ke iyawa. A Mirriya, jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye auna dantsen yara da ɗan zaren awo mai launi. Ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Rawaya gargaɗi ne. Tsanwa, lafiya lau. Ba sai an iya karanta lamba ba.

To amma an tsara yawancin hotunan nan ne don yaƙi da tamowa, saƙonsu shi ne "a ci, a ƙara". Yanzu kuwa wata matsala ta shigo. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na da ƙibar da ta wuce kima. A gida ɗaya sai ka tarar da yaro ramamme, uwarsa kuma na fama da hawan jini ko ciwon suga.

Nan ne zane ke iya yaudarar mai zane. Ka zana mace mai jiki don gargaɗi, sai a taron mata a ce kai, wannan mijinta na kula da ita! A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, har wasu na sayen ƙwayoyi irin su deksa a kasuwa don su cika, alhali maganin kumburi yake sa wa, yana kuma tayar da suga da hawan jini. Ga kuma kunyatar da masu jiki a gaban jama'a, wanda ba ya gyara kowa. Shi ya sa a ganina a bar zanen jiki, a zana abin da ke shiga baki.

Misali, gwangwanin lemu na santilita 33 na ɗauke da suga kimanin giram 35. Faɗin haka a rediyo ba ya tsorata kowa, ni kaina na sha faɗa. Amma jera ƙwayar suga 7 kusa da gwangwanin ka ɗauki hoto, ka ga yadda fuska ke canzawa. OMS na ba da shawarar babba kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, har da na shayi, na koko da na fura. Masu fada da ke zagaye uku na shayi safe da yamma, ku yi lissafi. Gishiri kuwa ƙasa da giram 5, bai cika ƙaramin cokali ba, kuma kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne.

Hoton ma sai ya yi kama da gidanmu. Faranti na mutum ɗaya da tufa da cokali mai yatsu, wannan na wata ƙasa ne. Mu kwano ɗaya muke haɗuwa. A nuna kwanon taro, tuwo a gefe, miyar ganye da yawa, wake ko kifi, a nuna man da ludayin da uwargida ta sani.

Ƴan uwa na waje, in kun turo kuɗin cefane, sau da yawa shinkafa, taliya, mai da lemu ake fara saye, don su ne abincin nuna an samu. Wannan satin ku ce a ɗauko muku hoton kwanon rana a WhatsApp, ku duba tare da inna ko gida ukun nan duk sun samu shiga.