Mai Gadin Ƙofar Bayananku

Jama'ar Bariénou da 'yan kasuwar Djougou da Parakou, kun tuna lokacin korona a 2020, sa'ad da ake auna zafin jikin mutum a bakin ƙofa kafin ya shiga asibiti? Haka ake tantance saƙonnin intanet da ke shiga manhajojin da ke ajiye sunanku, lambar NPI, sakamakon gwajin jini da kuɗin MoMo.

Manhajar da aka tsare da kyau tana da katanga wadda kowane saƙo ke bi ta cikinta. Katangar na duba inda saƙon ya fito da abin da ya ɗauko. In ta ga an cusa ɓoyayyen umarni a gurbin rubuta suna, ko ana gwada lambar sirri sau ɗaruruwa cikin minti guda, sai ta rufe ƙofa. Dokar Benin mai lamba 2017-20, ta 20 ga Afrilu 2018, ta wajabta wa masu riƙe da bayananku su kare su, hukumar APDP kuma ke sa ido.

Sai dai katanga ba ta gane ɓarawon da ya zo da mabuɗinku. Duk wanda ya shigar da lambar sirrinku, a wurinta ku ne. Fallasar sakamakon gwaji ɗaya na iya kashe aure, jarin shekara kuma ya salwanta a dare guda.

Don haka kada ku faɗa wa kowa lambar, ko da ya ce daga asibiti yake kira. Ma'aikacin lafiya ba ya tambayarta. Saƙon da ba ku san mai shi ba, kada ku latsa mahaɗin da ke cikinsa. In kuna shakka, ku zo cibiyar lafiya mu duba tare.