Jarka Ma Tana da Baki

Mai sauraro, in ka tashi daga kasuwar Arziki ta Paraku ka kama hanyar Jugu, jarka nawa za ka gani? Ga ta fetur, ga ta ruwa, ga wadda ta fashe aka yar a bakin titi. To, akwai wani ɗan ƙasar nan ta Benin, Romuald Hazoumè, haifaffen Porto-Novo a 1962, wanda da irin wannan jarka ya yi suna a duniya.

Ga yadda yake yi. Yakan tattara jarkunan 'yan kpayo, wato masu shigo da fetur daga Nijeriya a kan babur, ya yanke samansu. Mariƙin jarkar ya zama hanci, bakinta ya zama baki. Sai ka ga fuskar mutum, baki buɗe kamar mai neman ceto.

Babban aikinsa shi ne La Bouche du Roi. Ya jera fuskoki 304 a ƙasa, kai da kai, yadda aka riƙa cusa bayi cikin jirgin ruwa zuwa Amurka. Gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ya saye shi, ya baje shi a 2007, shekara 200 bayan Ingila ta haramta cinikin bayi. Saƙon kuwa ba ɓoyayye ba ne: jarka ana gasa ta ta kumbura don ta ƙara ɗaukar mai, in ta tsage a yar. Haka aka yi wa bawa jiya, haka talauci ke yi wa yaron da ke tuƙa babur cikin jarkuna yau.

Kai makiyayi, zancen ya shafe ka. Roba ba ta ruɓewa kamar ƙwarya ko faifai. Tambayi mahauci abin da yake cirowa daga tumbin saniyar da ta rame ba ciwo: leda ce dunƙule. Benin ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa tun 2017, amma dubi burtali da mashaya.

Da a ce mu duka mun kau yau, robar da muka zubar ita za ta ba da labarinmu. Hazoumè ya nuna abin da aka yar yana iya sake rayuwa. Tsohuwar jarka, yanke ta ta zama kwamin shayar da maraƙi ko tukunyar renon dashe. Leda kuwa, kada ka bar ta inda dabba ke kiwo.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.