Rigar Robar Da Ta Raba Yara Da Ɗakin Tiyata, Ta Kuma Jawo Wa Masu Bincike Lambar Yabo

Idan aka ce an karrama wani likitan ƙashin baya, abin da zai fara zuwa ran ɗalibi shi ne mutumin ya yi wata gagarumar tiyata da ta gagari kowa. A 2015 wata gidauniyar bincike kan aikin ƙashi a Amurka, wadda ake kira OREF, ta ba Dakta Stuart Weinstein da Dakta Lori Dolan na Jami'ar Iowa lambar yabonta ta binciken asibiti. Aikinsu kuwa ya tsaya ne kan yadda yaro zai kauce wa wuƙar likita gaba ɗaya.

Ciwon da suka bincika shi ne karkacewar ƙashin baya, wanda likitoci ke kira sikoliyosis. Ƙashin bayan mai lafiya, idan ka dube shi ta baya, a miƙe yake kamar sanda. A wasu yara sai ya lanƙwashe gefe guda, ya kuma ɗan murɗe, har kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya fi bayyana ne tsakanin shekara 10 zuwa 15, lokacin da jiki ke saurin tsawo, kuma a 'yan mata ya fi ƙaruwa. Yara biyu zuwa uku cikin ɗari ke samunsa. A mafi yawansu ba a san dalili ba, kuma jakar makaranta mai nauyi da ake yawan ɗora wa laifi ba ita ke kawo shi ba, ko da yake tana iya sa ciwon baya.

Da hoton ƙashi ake auna lanƙwasar, a lissafa ta da digiri kamar yadda kuke auna kusurwa a darasin lissafi. Idan ta kai digiri 50, galibi sai maganar tiyata ta taso: a jera ƙarafa da kusoshi a jikin ƙashin, a haɗe gaɓoɓinsa su zama ɗaya. Aiki ne babba mai tsada, kuma wurin da aka haɗe ba ya sake lanƙwasuwa.

Tun da daɗewa likitoci na sa wa irin waɗannan yara wata riga ta roba mai tauri da ke matse jiki daga ƙirji zuwa ƙugu. Amma su kansu likitocin ba su daidaita ba. Wasu na cewa tana aiki, wasu na cewa wahalar banza ce. Ki kwatanta kanki kina 'yar shekara 12, an ce ki sa abu mai zafi da takura awa 18 kullum, har da cikin aji, alhali wanda ya ba ki shi ba shi da tabbacin amfaninsa.

Wannan gardama ce Weinstein da Dolan suka ɗaura aniyar rabawa. Sun haɗa kai da asibitoci 25 a Amurka da Kanada, suka bi yara masu shekara 10 zuwa 15 waɗanda lanƙwasarsu ke tsakanin digiri 20 da 40. Shirin farko shi ne a yi ƙuri'a: wasu su sa rigar, wasu a sa musu ido kawai. Iyaye da yawa suka ce ba za a yi wa bayan 'ya'yansu ƙuri'a ba, kuma wa zai ga laifinsu? Dole aka buɗe rukuni na biyu inda iyali ke zaɓa da kansu.

Dabarar da ta fi burge ni ƙarama ce. Yaro zai iya ce wa likita yana sa rigar kullum alhali tana ƙarƙashin gado. Sai suka liƙa wata 'yar na'ura mai auna zafi a cikin kowace riga. Idan rigar na jikin mutum, na'urar za ta ji ɗumi ta rubuta lokacin. Ba a buƙatar rantsuwar kowa.

Sakamakon ya fito a 2013 a mujallar New England Journal of Medicine, daga yara 242. Cikin waɗanda aka ba rigar, kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba tare da lanƙwasar ta kai digiri 50 ba. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kashi 48 ne. Na'urar zafin ta ƙara tona wani abu: masu sa rigar kimanin awa 13 ko fiye a rana, tara cikin goma sun tsira, su kuwa masu sa ta ƙasa da awa 6 kamar ba su sa ba. Bambancin ya fito fili har aka dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, domin bai dace a ci gaba da barin wasu yara ba riga ba.

Lambar yabon ta haɗa da wani aikin na haƙuri. A Iowa an bi sawun mutanen da aka gani da wannan ciwo tsakanin 1932 da 1948 ba a yi musu magani ba. Rahoton shekara 50 da Weinstein ya fitar a 2003 kan mutum 117 ya nuna yawancinsu sun yi aiki sun yi rayuwa kamar kowa, sai dai ciwon baya da damuwa kan siffar jiki sun fi yawa a cikinsu. Wato ciwon ba hukuncin nakasa ba ne, kamar yadda aka daɗe ana tsoratar da iyaye.

Rigar tana amfani ne kawai yayin da ƙashi ke kan girma, don haka ganowa da wuri shi ne komai. A nan ne ɗalibanmu ke da matsala, musamman mata, tunda manyan kaya da hijabi kan ɓoye baya har shekaru su wuce. Gwajin farko ba ya cin ko sisi: yarinya ta haɗe ƙafafu, ta sunkuya gaba hannuwa a sake, mahaifiyarta ko yayarta ta duba ta baya. Idan gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi tasowa, a je asibiti a ɗauki hoto, kada a kai wa mai ɗori ya danna. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano na ganin masu ciwon baya, a Accra kuma akwai asibitin FOCOS da Dakta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, wanda ya shahara kan gyaran ƙashin baya. Idan kuwa doro ne ya fito tare da zazzaɓi, rama da zufar dare, wannan na iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin, kuma maganinsa daban ne.